Ƙararrawar Jar Mota

Tsumma kawai Sauda ta ɗora a kan 'yar jar motar, sai ga tsanin ya faɗo a hannunta.

Ta tsaya kamar an dasa ta. A kabad ɗin gilashi na gidan da take aikatau a unguwar Abhur, ƙananan motocin kashe gobara ne a jere, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, samfurin na zamanin da, masu tsanin katako da ƙararrawar tagulla. Na mahaifin uwargida Lina ne, wanda ya ƙare rayuwarsa a aikin kwana-kwana. Tun rasuwarsa, gaban wannan jar motar ne Lina ta fi tsayawa.

Ga shi da safe sai da maigida Hashim ya ce, ko dubanta bai yi ba: "Yau kar ki taɓa kabad ɗin nan." Ita ce ta ga shatin yatsa a gilashin ta kasa haƙuri.

Ta duba motar da kyau, ƙararrawar ma babu. Ta rarrafa ƙarƙashin kujeru, ta ɗaga darduma. Babu.

Duk shekarunta a gidan, ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, amma ba a taɓa buɗe mata jaka ba. Yau ita ce ta naɗe kayan mutane a cikin abaya, ta wuce mai gadi kai a sunkuye, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Har ta isa shagon mai gyara a unguwar Hindawiyya gani take kowa ya san abin da ke hammatarta.

Baba Zaharadden, tsohon da ke gyara wa gidan agoguna, ya juya motar a tafinsa.

"Ni na karya, Baba," ta ce. "Ƙararrawar ma na ɓatar. Ka rufa mini asiri."

"Ke? Yaushe?"

"Ɗazu."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo aljihun teburinsa, ya ɗauko wata 'yar ƙararrawa kamar ƙwayar gyaɗa, ya ɗora a goshin motar. Ta zauna daram.

"Halas, shi ke nan, 'yata, share hawayenki. Jiya da la'asar Hashim ya kawo mini wannan yana gumi, wai garin goge wa matarsa motar ta suɓuce masa, ƙararrawar ta cire, tsanin ya karye, sai ya jingina tsanin yadda ba za ta gane ba."