Koren Murfi

Tana zazzage aljihunan rigunan mijinta kafin wanki sai wani ɗan koren murfi ya faɗo, bai kai kan ɗan yatsa ba. Ta jefa shi cikin gwangwanin maɓallai ta ci gaba da aikinta. Hankalinta ba a gidan yake ba. Yana asibiti, inda 'yarta take kwance da ƙarafa a ƙugu.

Likita suke kiran yarinyar tun tana ƙarama, kuma Allah ya sa ta zama. Da hali ya samu sai ta sayi abin da ta daɗe tana buri: wata 'yar gajerar mota ja, mai gudu kamar ana korar ta. Uban, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin manyan motoci, ya fi ta murna. Duk ƙarshen mako in ta sha doguwar hanya ta zo gaishe su, kafin a kawo mata ruwa ya fice wajen motar da tsummansa, injin ko hucewa bai yi ba. Uwar takan yi masa tsiya, ta ce motar ce 'yarsa, Likita rakiya kawai ta yi.

A hanyar komawa daga irin wannan ziyara ne tayar baya ta fashe.

Malam, mijin nata, bai yi dogon bincike ba, ya ɗora laifin a kan Dogo. Dogo ɗan wansa ne, maraya, a gidan ya tashi, yanzu yana da shagon taya. Shi yake cika wa Likita tayoyi da naitirojin, iskar da ya ce ta fi daɗewa ba ta ragu ba. Malam kuwa bai taɓa yarda da ita ba. Ya ce yaron ya ɗura mata iskar banza har taya ta yi bindiga. Da Dogo ya zo dubiya, a gaban jama'a Malam ya zage shi tas, ya hana shi shiga ɗakin, ya rantse gobe sai ya kai shi wurin 'yan sanda.

Dogo ya sunkuyar da kai. Bai ce uffan ba.

Wannan shirun ne ya hana ta sukuni. Ita ta yi masa tsarki, ita ta yaye shi daga kukan uwarsa. Yaron da ko a kan gishirin miya sai ya yi musu, yau ana kiransa mai kisan kai ya kasa buɗe baki? Ko dai da gaske shi ne? Ta ajiye wankin, ta ɗauki mayafi.

Ta same shi zaune a kan tsohuwar taya, injin iska a kashe, ya rame.

"Dogon banza, ba ka iya gaisuwa ba?"

Ya zabura ya durƙusa. "Mama, yaya jikin Yaya?"

"Da sauƙi. Dube ni nan. Ka cika mata iska fiye da kima?"

"Wallahi a'a. Abin da masu motar suka rubuta a jikin ƙofar direba nake sa mata, kuma sai taya ta huce nake aunawa." Ya haɗiye yawu. "Na ga tayar. Ba yawan iska ya fasa ta ba, ƙarancinta ne. Sauran ukun ma duk a sake suke."

Ta ce ba ta gane ba. Ya yi mata bayani a hankali, idonsa a ƙasa. In mota ta sha gudu taya takan yi zafi, geji ya nuna iska ta ƙaru. Ba matsala ba ce, da ta huce za ta koma daidai. Amma in aka sauke ta a lokacin, da ta huce sai ta zama ba ta isa ba. Mota irin ta Yaya kuwa, in ta ɗauki gudu a kan sakakkiyar taya, gefen yakan yi ta lanƙwasa har ya tsage.

"Sau da yawa tana zuwa min da tayoyi a sake. Na tsoma su a ruwa, ban ga huda ba. Har korayen murafan bawul, na bakin da ake cika iska, sai na tarar wani ya ɓace."

"To wa yake sauke mata?"

Ya ɗauki wani sifana yana juyawa. "Ki bari Baffa ya kai ni, Mama. Ni yaro ne, zan iya ɗauka."

Ta yi, ta yi, ya ƙi ƙara kalma. Ta fito zuciyarta ta fi ɗazu nauyi. A hanya ta lissafa maigadin gidan Likita, da mai wankin mota, da wata maƙwabciya da ba sa shiri. Babu wanda zargin ya zauna mata a kansa.

Tun daga kan kwana ta hango motar Auta a ƙofar gida, ta yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya. Ashe ya iso duba yayarsa, kuma da yamma shi zai kai su asibiti. Da ta matso sai ta ji wani ɗan sauti siriri, irin na maciji, wanda ta saba ji ta tagar kicin duk ƙarshen mako ba ta taɓa kula ba.

Malam ne a tsugune jikin tayar gaba, tsummansa a kafaɗa, tsohon gejinsa a hannu. Ya jefa murfin bawul a aljihu, ya ɗago ya dube ta da jajayen idanun da suka kwana biyu ba barci.

"Kin ga yaran nan ko? Shi ma tasa ta cika tam. Ba don ina rage wa Likita duk zuwan da ta yi ba, ai da tuni Dogo ya kashe min ita."