Ɗan Kamun Ƙafa a Gadon Asibiti

Tana shiga ɗakin ta gane shi. Ba'amurken nan ne da jam'iyya mai mulki a ƙasarta ta ɗauka haya bara, ya bi 'yan majalisar Amurka ofis-ofis yana rantsuwa an yi zaɓe lafiya, ko ƙwarzane babu. A wannan zaɓen 'yan dabar jam'iyyar suka sare ƙaninta a bakin akwatin zaɓe. Baƙin cikin ne ya koro ta aikin jinya a Riyad.

Yanzu ga shi kwance da karayar ƙugu, motarsa ta kife a hanyar unguwar Sulay.

Tana canja ledar ƙarin ruwa ta ji yana roƙon attajirin da ya gayyato shi Riyad don ya yi masa kamun ƙafa a Amurka: "Kada kowa ya san na zo. Dokarmu ta ce mai yi wa baƙi kamun ƙafa a majalisa sai ya yi rajista. Ban yi ba. In aka ji, na kaɗe."

Ta kula da shi kamar ɗan'uwa, magani bai taɓa makara ba. Ranar da ya iya zama, ta taje masa gashi, ta gyara matashi.

"Baƙo zan yi ne, Sista?"

"Ƙwarai, yallaɓai. Ni na kira shi."

Ta buɗe ƙofa. Wakilin wata jaridar Amurka ya shigo, rataye da kyamara.

"Ɗago fuskarka," in ji ta. "So nake mutanenku su gane ka sosai."