Gangar Noma a Ƙarƙashin Kujera

Ka ce kewar gida ta dame ka, kullum in ka tashi daga aiki sai ka zauna kana kallon hoton tsohuwarka a waya. To, gyara zama in ba ka misali, don na san wani mai irin ciwonka.

Wani ma'aikaci ne a Kaduna, ɗan wani makaɗin gangar noma daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Yana ƙarami, in an yi gayya, a bayan uban yake tsayawa, ganga tana duka har cikin haƙarƙarinsa, ƙasa tana motsi a tafin ƙafarsa. Boko ya ɗauke shi, aiki ya riƙe shi, har ya shekara bakwai rabonsa da gida. Ba faɗa aka yi ba. Yau ne, gobe ne, sai an yi hutu, sai damina ta wuce. Tsohon kuwa kunnensa ya yi nauyi, in an kira shi a waya sai ya yi ta "Wa ke magana?" har ɗan ya gaji, ya koma aika gaisuwa ta bakin ƙanwarsa. Abin da ya rage masa na uban shi ne wani tsohon kaset da aka ɗauka a wata gayya, aka juye masa a waya. Ran da ya sayi mota, kafin ma ya duba taya, wannan kiɗan ya fara sawa. Rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani ya fito da muryar mai kirari tsaf, da guɗar mata, amma gangar sai ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Abin ya ci masa rai, don ba wannan ce gangar ubansa ba.

Ya kai kuka wurin wani mai gyaran wutar mota. Mutumin ya saurara, ya ce rediyo lafiyarsa ƙalau, sifikun ƙofa ne ƙanana, ba za su iya ɗaukar sauti mai nauyi ba. Ya ɗauko wani ɗan akwati baƙi, shafal, wanda suke kira wufa, mai injin ƙara sauti a cikinsa. Ya ja waya ɗaya daga batir, ya sa mata fiyus, ya ɗaure wata a jikin ƙarfen mota, ya ɗebo sauti daga wayoyin sifikun baya, sannan ya tura akwatin ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Da aka kunna, ganga ta ce dim, kujera ta amsa, sai ga mutum da furfura a gemu yana share hawaye a gaban masu gyara. Daga ranar ya sami sabon aiki. Da la'asar sai ya faka a ƙofar gida, ya kashe inji, ya zagayo kujerar mai zaman banza, ya rufe gilashi ya lumshe ido. Yana Kaduna, zuciyarsa tana bakin kunyar gona tana bin manoma. Akwatin kuwa ba ruwansa da begen kowa, batir yake sha. Sau biyu mota tana ƙin tashi da safe, maƙwabta suna turi suna yi masa dariya. Da ya koma da ƙorafi, mai gyaran ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan abu ba na zaman ƙofar gida ba ne. In kana son ka ji shi ka ƙoshi, ka hau hanya, inji yana tafiya yana cika batir."

Wata Asabar ya hau hanya don ya cika batir. Ya wuce Zariya kiɗa bai ishe shi ba, ya wuce Funtuwa, kafin azahar sai ga shi a ƙofar zauren da ya girma. Tafiyar da ya shekara bakwai yana shiri, ashe ba ta kai awa huɗu ba. Ya tarar da tsohon a kan tabarma, ya rame, gangar tana rataye a bango, fatarta ta yage. Bayan an gama gaisuwa da ihu a kunne, ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerar nan, ya kunna. Tsohon bai ji kirari ba, bai ji guɗa ba, amma dukan ya shigo masa ta cinya da gadon baya. Ya dafa kujerar da tafi biyu. Can sai yatsunsa suka fara bin kiɗan a kan gwiwa, ba su kuskure ko ɗaya ba. Da kiɗan ya ƙare, ya shafa gaban motar, ya ce, "Yaushe ka saye ta?" Ɗan ya sunkuya a kunnensa ya ce, "Shekara biyu ke nan, Baba." Tsohon ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dai ce, "Sake sa mini." Wannan shirun ne mutumin yake ɗauke da shi har yau, don damina ɗaya kawai suka ƙara tare.

Kai kuma tsohuwarka tana nan da ranta, kunnenta garau, motarka tana waje da mai a ciki. Ajiye hoton nan ka tashi. Hausawa sun ce, zumunta a ƙafa take.