Gidan Rina a Bakin Matakala

Rabi'a ta sake share kan kifi da ɓawon kankana daga bakin matakala, tana mita. Ɗanta, namiji har da furfura a gemu, amma bai san inda ake zubar da shara ba.

Tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina ɗan nata Jabiru ya kwaso su, ita da jikarta Juwairiyya, ya ajiye su a saman benen da yake gadi a unguwar Bagdadiyya. Ɗaki ɗaya ne a bayan tankin ruwa. Ba su da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, don haka ba fita, ba ɗaga murya. Mai gidan, Sa'ud, sai dai ta jiyo muryarsa daga ƙasa. Ko sau ɗaya bai hawo ya gaishe ta ba, ita kuwa ta sa shi a sahun masu girman kai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ta sakat shi ne rina. Sun yi gida a cikin wata matacciyar na'urar sanyaya ɗaki da aka jingine a bakin ƙofar matakala, kullum ƙaruwa suke.

"Jabiru, ka kashe abin nan mana."

"In sha Allah, ya Inna. Bukra."

Goben nan tasa ba ta taɓa wayewa ba.

Ran Laraba suka harbi Juwairiyya a fatar ido. Fuska ta haye, numfashi ya soma yi wa yarinyar wuya, asibiti kuma babu hali, don can takarda ake fara tambaya. Rabi'a ta wuni tana danna mata ƙanƙara tana kuka. Jabiru ya tsaya a kansu idonsa jawur, ya juya ya sauka. Washegari ta sake tarar da kan kifi a wurin. A nan ta cire rai da shi.

Da asuba, yana masallaci, ta ɗaura tsumma a sanda, ta jiƙa shi da kananzir, ta kunna, ta cusa a cikin na'urar, yadda ta ga ana yi tun tana yarinya. Biyu sun same ta a hannu, ko a jikinta. Hayaƙi ya turnuƙe, rina suka zube ƙasa baƙi ƙirin.

Jabiru ya hawo a guje. Ya dubi tokar, ya zauna daɓas.

"Inna, me kika yi?"

"Abin da ya gagari uban yarinya."

Daga ƙasa muryar Sa'ud ta taso, cike da murna: "Halas, shi ke nan, ya Jabir, ka ƙone su? Ga ni nan tafe!" Takunsa ya fara hawowa.

Jabiru ya kama hannun uwarsa da ya kumbura, ya yi ƙasa da murya.

"Harbi ɗaya ya taɓa kwantar da shi a asibiti. Ni nake ciyar da su da kan kifin nan don kada ya hawo, Inna. Bai san kuna nan ba."