Ƙunshin Tsire

Sai da aka kira 'yarsa gaban jama'a ya gane littafin da ke hannunta. Mai koren bangon nan ne, wanda ya yayyage cikinsa shekaranjiya da jarida ta ƙare masa ana tsaka da cinikin tsire. Ya ɗauka tsohon littafin makaranta ne.

Ashe labarin da ta kwashe hutun nan tana rubutawa ne a ɗan ɗakin karatun unguwarsu, a Ogui. Yau ake rufe shirin koya wa yara rubutun labari, kowa zai karanta nasa.

Ta buɗe, ta fara, muryarta ko rawa ba ta yi. Labarin wani mai tsire ne da hayaƙi ya cinye wa ido don 'yarsa ta yi karatu. Har da yatsa take bin layi.

Daga gefen da yake zaune, shi kaɗai ke ganin babu komai tsakanin bango da bango.

Aka tafa. Malamar da ke kula da shirin ta miƙo hannu. "Kawo mu ajiye a kanta, 'yata."

Yarinyar ta rungume littafin, ba ta dubi inda yake ba.

Ta ce, "Malama, ni na ɓata shi. Zan sake rubutawa."