Ranar da Umma ta ƙi yabon ɗan sanda

Ina ƙarama a unguwar Waziriyya ta Jidda, wata rana da la'asar mata suka cika ɗakinmu suna kallon fim ɗin ɗan sandan ciki, ni kuma ina fassara musu Larabcin da ake rubutawa a ƙasa. A fim ɗin ranar, ɗan sandan ya kama wata 'yar aiki da ta ɓoye ƙaninta a ɗakin ajiya.

Nan hira ta kaure. Hala Zainaba, maƙwabciyarmu haifaffiyar Jidda, ta ce, "Wallahi shaɗir ne, akwai wayo! Kallo ɗaya ya gane ƙarya take yi."

Umma kuwa tun farko ta kasa zama. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake jan labule, don iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu, ga shi ana ta kame a unguwa. Sai ta ce, "Ku wayonsa kuke gani. Ni hannunta nake kallo, yadda yake rawa da za ta buɗe ƙofa."

Hala ta tashi ta kashe talbijin. "Halas. Yau a wurina za ku kwana."

Har yau, in 'ya'yana suna tafa wa mai bincike a fim, sai in bar musu ɗakin.