Baƙon da Ya Zo Neman Bot

Malam Ishaku ya sauka a Jos da hantsi, da wuƙa ɗaure a damtsensa a ƙarƙashin riga. A 2006 ne, ko shekarar da ta biyo baya. Daga Bauchi ya taso neman wani direba mai suna Bot, wanda ya take 'yarsa Sumayya da tifa a Gada Biyu ya gudu. An ce masa Bot ya bar tuƙi, yanzu shi ke buga wa wasu baƙi Japanawa ganga, kuma yau suna bikin rawa a wani fili.

Sai dai ciwon yanar ido ya rufe idon Malam. Inuwar mutane kawai yake gani.

A bakin filin ya yi tuntuɓe, wani mutum ya tare shi.

"Baba, a hankali. Wa kake nema?"

"Bot. A gaban jama'a ya bar ta kwance, a gaban jama'a zan kwantar da shi."

Sai mutumin ya kama hannunsa.

Filin cike yake da sassaƙe-sassaƙe a sarari, na dutse da na ƙarfe. Mutumin ya yi ta ɗora tafin Malam a kansu. Ga mai haƙar kuza, ga saniya da aka haɗa da tsofaffin ƙarafan mota, ga mace da goyo. A nan Malam ya jima yana shafawa. Ya ce ita ma Sumayya da goyo take, jaririn ne kaɗai ya tsira.

Da azahar mutumin ya nuna masa alƙibla, ya tsare masa takalma. Ya sayo rake, ya ari wuƙar Malam ya fere musu.

Da la'asar aka taru. Mutumin ya ce ganga na kan wani dogon dakali a tsakiya, ana kewaya ta, kuma rawar tunawa da matattu ce.

"Ta dace," in ji Malam. "Kai ni gindin dakalin."

Suka tsaya. Ganga shiru, jama'a na ta ƙorafin makaɗi ya makara. Malam ya lalubi damtsensa, ya ji kube wayam. Kafin ya buɗe baki, wata Bajapaniya ta yi kira ta lasifika da guntuwar Hausarta: "Bot, hau mana, kai muke jira."

Sai hannun da ya wuni riƙe da nasa ya sake shi.